Muhawara: Shin sakamakon zaɓen Zanzibar na 2016 halattacce ne?

Malam Habu: Assalamu alaikum. An nemi in dawo in kare maganar da na yi a taƙaice, to ga ta. A ganina nasarar da shugaban Zanzibar na lokacin, Ali Mohamed Shein, da jam'iyyarsa mai mulki ta CCM suka samu a zaɓen Zanzibar na 20 ga Maris, 2016 halattacciya ce, kuma jam'iyyar adawa ta CUF ba ta da bakin kuka. Hukumar zaɓen Zanzibar ta soke zaɓen 25 ga Oktoba, 2015 bisa dalilin cewa an tafka maguɗi, musamman a tsibirin Pemba, sannan ta sa sabuwar rana ta buɗe rumfuna, amma ɗan takarar CUF, Seif Sharif Hamad, ya umarci magoya bayansa su zauna a gida. Shein ya tashi da fiye da kashi 90 cikin ɗari, CCM kuma ta kwashe dukkan kujeru 54 na mazaɓun Majalisar Wakilai. Ɗan kokawar da aka kira fili ya ƙi fitowa ba zai koma gida yana cewa an kayar da shi da zalunci ba.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Habu, ka fara labarin daga tsakiya. Zanzibar yanki ne mai cin gashin kansa a cikin tarayyar Tanzaniya tun haɗewarsa da Tanganyika a 1964, saboda haka mai jefa ƙuri'a a tsibirin Unguja ko na Pemba takardu biyar ake miƙa masa a rana ɗaya: ta shugaban tarayya, ta ɗan majalisar tarayya, ta shugaban Zanzibar, ta wakilinsa a majalisar Zanzibar, da ta kansila. Mutum ɗaya ne, da yatsa ɗaya, a wuri ɗaya. An karɓi ƙuri'un tarayya na wannan rana aka haɗa su cikin lissafin da ya ba John Magufuli shugabanci, amma aka ce na Zanzibar sun lalace. Ina roƙon ka bayyana mana yadda ruwa ɗaya a tulu ɗaya zai zama rabinsa mai tsarki, rabinsa najasa.

Malam Habu: Hajiya, hukumomi biyu ne suka gudanar da zaɓukan, ta tarayya da ta Zanzibar, kuma kowacce ita ke da alhakin akwatunanta. Sannan kada a manta cewa Hamad ya fito ya ayyana kansa a matsayin wanda ya ci tun washegarin zaɓe, alhali hukuma ba ta gama tattara sakamako ba, wanda shi ma ba hurumin ɗan takara ba ne.

Barista Sa'idu: Ku ba ni dama in tsaya a kan doka, domin a nan maganar take da nauyi. Gaggawar da Hamad ya yi kuskure ce, ban musa ba, amma kuskuren ɗan takara ba ya ba shugaban hukuma ikon da doka ba ta ba shi ba. A ranar 28 ga Oktoba, shugaban hukumar zaɓen Zanzibar, Jecha Salim Jecha, ya bayyana a talabijin shi kaɗai ya sanar da soke zaɓen, bayan an riga an karanta sakamakon shugaban ƙasa na fiye da rabin mazaɓu, kuma wasu daga cikin kwamishinonin hukumar sun fito daga baya sun ce ba da su aka yanke shawarar ba. Idan gaskiya ne ƙuri'u sun fi yawan masu rajista a wasu rumfunan Pemba, kamar yadda ya faɗa, maganin da aka sani shi ne a sake zaɓe a waɗannan rumfunan, ba a rushe na tsibiran gaba ɗaya ba. Masu sa ido na ƙasashen waje, har da tawagar ƙungiyar ƙasashe renon Ingila wadda tsohon shugaban Najeriya Goodluck Jonathan ya jagoranta, sun nuna damuwa kan sokewar, domin sun riga sun yaba da yadda aka jefa ƙuri'a. Mu da muka ga abin da ya biyo bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993 bai kamata mu ɗauki irin wannan da sauƙi ba. Idan kuma Malam Habu zai ce me ya hana su zuwa kotu, to tsarin mulkin Zanzibar ya hana kotu bincikar zaɓen shugaban ƙasa da zarar hukuma ta bayyana wanda ya ci.

Alhaji Mudi: Ni na yarda da Barista cewa sokewar ba ta da tushe, amma ban yarda ƙauracewar ta amfani kowa ba, kuma a nan nake ganin Malam Habu yana da ɗan abin riƙewa. A ƙuri'ar raba gardama ta Yuli, 2010 kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe sun amince da gwamnatin haɗin kan ƙasa, wadda a cikinta jam'iyyar da ta zo ta biyu take samun kujerar mataimakin shugaban ƙasa na farko da wasu ministoci. Da wannan tsari ne Hamad ya zama mataimaki bayan ya sha kaye da tazarar kusan kashi ɗaya cikin ɗari a 2010. Da CUF ta ƙaurace a 2016, kujerar ta zauna babu kowa har wa'adin ya ƙare, mutanen Pemba kuma, waɗanda tun 1995 suke zaɓen adawa, suka wayi gari wakilansu a majalisar Zanzibar duk 'yan CCM ne. An bar wa kura ajiyar nama ke nan.

Hajiya Rabi: Alhaji, da sun shiga fa? Hukumar da ta soke na farko ita ce za ta ƙirga na biyu, ƙarƙashin shugaban nan dai. Kuma wannan ba shi ne karo na farko ba. A 1995 an ba Salmin Amour na CCM kashi 50.2, Hamad 49.8, bayan jinkirin bayyana sakamako. Bayan zaɓen 2000, a watan Janairu, 2001 jami'an tsaro sun harbe masu zanga-zanga da dama, mafi yawansu a Pemba, wasu kuma suka tsere cikin jiragen ruwa zuwa Kenya. Wanda ya ce wa mutanensa su zauna a gida a 2016 yana da wannan a ransa.

Alhaji Mudi: Haka ne, Hajiya, sai dai shi kansa Hamad ya canja shawara. A 2020 ya tsaya a jam'iyyar ACT-Wazalendo, aka ba shi ƙasa da kashi 20, Hussein Mwinyi na CCM kuma kusan 76, ya ce an yi maguɗi, amma duk da haka a watan Disamba ya karɓi kujerar mataimaki na farko, ya riƙe ta har rasuwarsa a Fabrairu, 2021.

Malam Habu: Barista, na janye kalmar “ba ta da bakin kuka”, domin ban san kwamishinoni sun nesanta kansu daga sanarwar ba. Amma har yanzu ina kan cewa an rantsar da Shein bisa tsarin da ke ƙasa, kuma babu wata kotu da ta rushe shi.

Barista Sa'idu: Babu kotun da ta rushe shi, Malam, saboda babu kotun da aka bari ta duba shi. Ga tambayar Hajiya Rabi kuma tana nan ba a amsa ba: rajistar masu zaɓen da aka ce ƙuri'u sun zarce ta a Pemba, da wace rajista aka tantance waɗanda suka zaɓi 'yan majalisar tarayya a wannan rana?