Wendell Scott: gwanintarsa aka karrama, ko launin fatarsa?

Malam Habibu: Jama'a, ina nan kan bakana cewa Wendell Scott, direban tseren motoci ɗan garin Danville a jihar Virginia ta Amurka, bai cancanci shiga zauren gwarzayen NASCAR (hukumar da ke shirya tseren motoci a Amurka) a 2015 ba, in dai ƙwarewa ce ma'auni. Mutumin da ya shiga tsere 495 a babban rukuni ya ci ɗaya tak, ai kasancewarsa baƙar fata aka duba, ba tuƙinsa ba.

Hajiya Rabi: Malam, ka ƙirga nasara, amma ba ka duba irin motar da aka nema da ita ba. Manyan abokan karawarsa kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsu, shi kuwa tsofaffin motoci yake saya a hannun wasu direbobi ya gyara da kansa, domin ya yi aikin kanikanci a soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma 'ya'yansa ne ke canza masa taya a tsakiyar tsere. A haka ya shiga sahun goma na farko sau 147, ya kuma zo na shida a jimillar maki a 1966.

Injiniya Bello: Ina bayan Hajiya, kuma ita kanta nasarar guda ɗaya a duba yadda aka yi da ita. Ranar 1 ga Disamba 1963 a Jacksonville ta jihar Florida, wani direba farar fata, Buck Baker, aka kaɗa wa tutar nasara alhali Scott ya ba shi ratar zagaye biyu. Sai da 'yan kallo suka watse aka amince shi ya ci, aka biya shi kuɗinsa, amma har ya rasu a 1990 kofin bai shiga hannunsa ba. Sai a 2021 NASCAR ta miƙa wa iyalinsa kofi.

Malam Habibu: Injiniya, a wancan zamani da hannu ake ƙirga zagaye, kuma ruɗani yakan faɗa kan farar fata ma. A tseren Daytona na 1959 sai da aka kwana uku kafin a tabbatar wa Lee Petty nasararsa.

Hajiya Rabi: Malam, misalin bai zauna ba. Petty da Johnny Beauchamp kusan kafaɗa da kafaɗa suka tsallake layi, shi ya sa aka koma ga hotuna. Ratar zagaye biyu kuwa ba ta ɓuya. Kuma wane kuskuren ƙirga ne ya sa filin tsere na Darlington ya yi ta ƙin barinsa ya shiga tsere a shekarunsa na farko?