Wa ya jefar da 'ya'yansa? Muhawarar matan zumunta a Sabon Garin Kano

Maman Ishaku: Salama, 'yan'uwa mata. Abin ya ci mini rai ne shi ya sa na kawo shi nan zauren hirarmu na waya. Tun da na cire Ishaku da ƙanwarsa daga makaranta nake koya musu a gida, ban huta da bakin mutane ba. Jiya bayan sujada wata ta tare ni a bakin ƙofar coci, wai ko talauci ne ya kama mu. Surukata kuma ta aiko daga ƙauye wai na mai da jikokinta 'yan kulle. To ku ji yadda muke yi. Mu tashi mu yi addu'ar safe, mu haddace aya, in an sha koko sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Lissafi da wake da murafan lemo muke yin sa, karatu kuma da Hausa muka fara kafin Turanci. Yaron da ya gama aji biyu bai iya haɗa baƙi ba, yanzu shi ke karanta mana Zabura 23 da daddare. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce mu koya musu muna zaune a gida, muna tafiya a hanya, in za mu kwanta, in mun tashi. Iyaye aka ba aikin nan. Gara in sha wahala da in jefar da 'ya'yana a adaidaita sahu tun da duku-duku, ban san me ake zuba musu a kai ba.

Maman Rahila: Jefar? Yaya, mu da muke kai namu makaranta jefar da su muke yi ke nan?

Maman Ishaku: Ni nawa na ce, ban kira sunan kowa ba.

Maman Rahila: Ba sai kin kira ba. Ina kwana a asibiti a kan marasa lafiya, in dawo ido jajir in yi wa yara wanka, in ɗora abincin makaranta, in raka su titi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita kaɗai ya isa ya karya mutum, amma ban fasa ba. Shara ake jefarwa, ba ɗan da ka haifa ba.

Maman Bitrus: Gaskiya kalmar ta yi nauyi. Ni in ban buɗe rumfata a kasuwar Sabon Gari ba, wa zai biya hayar gida? Wadda mijinta ke ɗaukar albashi duk wata sai ta zauna ta ƙirga wake.

Maman Dauda: Haba Maman Bitrus, ina ruwan albashin miji a nan? Kowa a Kano yana cewa "bari in jefa yara makaranta in dawo". Magana ce ta yau da kullum.

Maman Rahila: Jefa daban, jefar daban. Ki koma sama ki karanta. "Jefar da" ta rubuta.

Maman Dauda: Ke za ki koya mini Hausa? Ni a ƙasar Kano aka yanke cibiyata, kakannina ba su zo daga ko'ina ba.

Maman Rahila: To mu baƙi mun ji. Dama an daɗe ana so a faɗa mana.

Anti Saratu: Don Allah tambaya gare ni, Maman Ishaku. In Ishaku ya isa rubuta jarrabawar shiga sakandare, a wace makaranta za ki yi masa rajista? Na san WAEC tana da ta masu zaman kansu da ake kira GCE, amma wannan sai can gaba. Kuma dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3. Yaya kika tsara?

Maman Bitrus: Ai tun lokacin ankon taron mata na gane akwai masu ganin su ne masu gari. Atamfar da muka zaɓa a Kantin Kwari aka canza ba a tambaye mu ba.

Maman Dauda: Ki fara cika kuɗin adashin watan jiya tukuna, sai mu yi maganar atamfa.

Maman Bitrus: A nan za ki tona ni? Na gaya wa uwar adashi uzurina, ita ba ta kai ni kasuwa ba sai ke?

Malama Afiniki: Ni abin da ya ƙona mini rai ba adaidaita ba ne, "me ake zuba musu a kai". Malama ce ni, alli ya cinye mini yatsu. Guba muke zubawa? Musa ya koyi dukan hikimar Masarawa, Ayyukan Manzanni 7:22. Daniyel a Babila ya yi karatu, bai bar addu'a ba. Yaron da aka gina a gida makaranta ba ta rushe shi. Kuma ɗan Kirista a Kano dole ya iya zama da Musulmi da Ibo da Yarbawa a benci ɗaya, ya san gaisuwar kowa. A tsakar gida zai koyi wannan?

Maman Ishaku: Malama, maƙwabtanmu Musulmi ne, da 'ya'yansu Ishaku ke buga ƙwallo kullum da yamma, tuwon sallarsu muna ci, su ci shinkafar Kirsimetinmu. Makarantar gwamnatin da ke kusa da mu ba malamin addinin Kirista, mai zaman kanta kuma kowane zango sai an ƙara kuɗi, yara cunkus a aji. Timoti a wurin kakarsa Loyis da uwarsa ya sami bangaskiya. A Amurka ma iyaye da yawa a gida suke koyarwa, kuma 'ya'yansu sun fi ƙoƙari.

Malama Afiniki: Sun fi ƙoƙari in ji wa?

Maman Ishaku: Na ga wani bidiyo a Facebook, in na samo zan turo.

Malama Afiniki: A Jamus kuma an haramta shi. Kowa ya ɗauko ƙasar da ta yi masa daɗi.

Maman Rahila: Duk wannan zagaye ne. Ta janye "jefar" kawai.

Maman Ishaku: Abin da ke zuciyata na faɗa, Ubangiji shaida ne. Ba zan janye ba.

Anti Saratu: Har yanzu ba a amsa mini maganar rajista ba.

Maman Dauda: Maman Ishaku, ki bar su. Wanda ya ji zafi ya san inda aka taɓa.

Maman Rahila: Mama Sakatariya, kina ganin abin da ake rubutawa?

Mama Sakatariya: Ya isa haka, 'ya'yana. Na bi maganar tun daga farko, ga abin da aka tsayar. Mafi yawanmu sun yarda makaranta ita ce wurin yaro, kamar yadda Malama Afiniki ta kawo hujja daga Littafi Mai Tsarki, kuma ba wanda ya iya ture hujjar. Ni da na yi aikin hedimasta har na yi ritaya na san aikin malami ba abin da za a ɗauka da tsakar rana ba ne. An kuma yarda kalmar da 'yarmu Maman Ishaku ta yi amfani da ita ta ɓata wa mata masu aiki rai, ya kamata ta nemi gafara. Muna yaba ƙoƙarinta, muna addu'a Allah ya nuna mata lokacin mai da yaran aji. Maganar asali da ta adashi kada in sake ganin su a nan. Maman Dauda, ki same ni a ofishin coci ranar Talata kafin a fara zumunta.

Maman Dauda: Mama, da girmanki, yaushe aka ƙirga har aka sami mafi yawa? Kuma me ya sa ni kaɗai za a kira, ita Maman Bitrus fa?