Okid mai takalmi a ɗakunanmu na Saudiyya: wa ya taɓa rainonsa?

Uwargida, Riyad: Salamu alaikum jama'a. An kawo mini tsarabar okid ɗin nan mai leɓe kamar takalmi, Paphiopedilum. Furensa ya daɗe bai faɗi ba, amma yanzu bakin ganyen ya fara ƙonewa, alhali rana ba ta taɓa shi. Me ke damunsa?

Ma'aikacin mashtal (gidan rainon tsirrai), Jidda: Wa alaikumus salam Hajiya. Wane ruwa kike ba shi? In na famfo ne, to ga mai laifin nan. Saiwarsa ba ta shiri da gishiri ko kaɗan. Leƙa bakin tukunyar, za ki ga wani fari-fari kamar kanwa. Ni tataccen ruwa nake ba nawa, taki kuma rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalba. Duk wata sai in kwarara masa ruwa ya zube ta ƙasa, ya wanke saiwar.

Malamar jinya, Makka: Ƙara da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, Yaya. Iskarsa ta busar da ƙoƙon furen nawa tun bai buɗe ba. Da na janye shi gefe, na ɗora tukunyar a faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, sai ya farfaɗo. Wannan ba ya da kumburin gindi da wasu okid ke tara ruwa a ciki, don haka kar ɓawon itacen da ke tukunyar ya bushe ƙamas. Kar kuma ruwa ya kwana a tsakiyar ganye, ruɓewa yake.

Dattijo, Ɗa'if: 'Ya'yana, ku fara duba ganye kafin ku biya kuɗi. Mai dabbare-dabbare, irin Maudiae, ya fi jure ɗumin ɗaki. Shi an samo shi ne ta hanyar barbarar wasu ire-iren Paphiopedilum biyu, callosum da lawrenceanum, tun 1900, iyayensa na dazukan kudu maso gabashin Asiya ne. Mai kore zalla yana son sanyin dare, shi ya sa ya karɓe ni a nan kan dutse. A Riyad ba zan ba ki shawararsa ba.

Uwargida, Riyad: Mai dabbare-dabbaren ne, Baba. Tsohon tushen zai sake fure?

Dattijo, Ɗa'if: A'a, kowane tushe sau ɗaya yake yi. Duba gefensa, in akwai sabon toho, shi za ki jira. Ɓawon kuma a sauya shi duk shekara.

Ma'aikacin mashtal, Jidda: Hajiya, in za ki sauya, kar a yaudare ki da babbar tukunya. Wadda ta kama saiwar daidai ta isa.