Yaudarata ba ta kama kowa, ga shi ana so in shiga gasa

Ɗan Bukoki: Assalamu alaikum. Ina koyon damben zamani a nan Yamai, ban cika shekara da farawa ba. Da rana gyaran babur nake, da marece in tafi horo. Maigidanmu ya ce akwai gasar sababbin shiga nan gaba kaɗan, zai sa sunana a kilo 60. Abin da ya dame ni yaudara ce, wato in nuna kamar zan buga don abokin karawa ya buɗe. A gaban madubi ina girgiza kafaɗa, in tura hagu kamar zan buga, in taka ƙafa, abin gwanin kyau. Amma in na sa safar dambe muka kara da manyan wurin, ko ƙiftawa ba sa yi. Akwai ma wanda ke jira in miƙa hannun, kafin in maido shi ya sauke mini dama a hanci. Wanda bai iya yaudara ba ya isa hawa ring, wato dandalin dambe? Ko in roƙi maigida ya bar ni sai baɗi?

Baban Nafisa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba sa tsoron hagunka, shi ke nan ciwon. Wanda maciji ya sara ne ke gudun tsumma, kai kuwa ba ka sari kowa ba tukuna. Fara da hagu na gaske, mai nauyi, ya sauka sau biyu ko uku har mutum ya ji shi. Daga nan ko gwiwa ka lanƙwasa kaɗan zai motsa.

Sannan ina zargin kana miƙa hannun da yawa. In ya wuce rabin hanya ya tsaya, ka buɗe haɓarka a banza, shi ya sa wancan yake samunka. A kafaɗa ake yi, ko a ƙafar gaba, ko ka kalli cikinsa alhali kai kake nufi. Kuma ka yi daga inda naushinka zai iya kaiwa. In kana nesa, wa zai kula ka?

Abin da yara ba sa ganewa, amfanin yaudara na farko tambaya ce. Ka motsa, ka duba me ya yi. In ya kawo damarsa don ya kaɗe hagunka, gefen fuskarsa ya buɗe, lanƙwasasshen hagu zai shiga. In ya sauke gwiwar hannu ya kare ciki, sama ta zama taka. In ya ja baya, ƙara taku ɗaya kafin ka buga. Madubi ba ya ba da amsa, shi ya sa kullum kake cin nasara a kansa.

Ba'adare: Baba ya hwaɗi gaskiya, amma ni daga Tawa ga abin da nig gani. Wasan hwarko na sababbi, ba mai ganin yaudarar wani. Ƙararrawa na bugawa su ruga ma juna, minti guda numfashi ya ƙare. Wanda ad da sauran iska a turmi na ukku shi ka ci. Manya turmi 3 suka yi na minti 3, hutun minti 1 tsakani, sababbi wani lokaci a rage musu. In kana iya yin hiye da haka wajen horo da wanda ya hi ka, idonka buɗe sa'ad da naushi ka zuwa, ba ka juya baya, hannunka na komawa ga haɓa ko ka gaji, to ka isa. Ɗan dambe Issaka Dabore da ya kawo ma Nijar lambar tagulla daga Olimpik na Munik a 1972, sai a zuwanshi na ukku Olimpik ya same ta, bayan 1964 da 1968. Ba wanda ka jiran ya iya komi kahin ya hau.

Maman Abdul: Ɗana, ni aikin asibiti nake. Kilo 60 ɗin nan, shi ne nauyinka na kullum ko sai ka rage? Don na san halinku, ku sa leda a jiki ku yi gudu cikin zafin Afrilu, ku ƙi shan ruwa saboda awo. Kada ka yi. Wancan mai dukan hancin kuma, in ka taɓa kwana da ciwon kai ko jiri bayan kun yi, ka faɗa wa likita ranar gwaji, kada ka ɓoye don kunyar maigida.

Ɗan Bukoki: Na gode ƙwarai. Mama, 61 nake da safe, ciwon kai babu. Baba, idon ne dai, yana rufewa in dama ta taho. Wannan fa?

Baban Nafisa: To wannan ka kai wa maigidanka kafin ya rubuta suna. Ka jingina da igiyar ring, abokinka ya riƙa bugun safarka da goshinka a hankali, kai ba ramawa, kallon ƙirjinsa kawai kake, haɓa a ƙasa. Turmi biyu kowace marece, ana ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan. Ka dawo ka gaya mana kafin a rufe rajista.