Miliyan 3 na horo: taron Paris, kwas ɗin 62443, ko a kawo malami Yamai?

Balkisa, Tawa: Assalamu alaikum manyanmu. Kamfaninmu ya ware miliyan 3 na sefa don horo kan tsaron rezon sarrafa wuta, an ce mu kawo shawara ɗaya kafin ƙarshen wata. Mu shida ne a sashen. Kayan da ke hannunmu: RTU huɗu (na'urorin da ke aiko awon tasha su karɓi umarni daga nesa) masu magana da ɗakin sarrafawa da yaren IEC 60870-5-104, wato 104, tasha ɗaya sabuwa mai relay (na'urorin kariyar layi) masu yaren IEC 61850, sai inbatocin hasken rana masu yaren Modbus. Ko a tura mutum ɗaya taron CIGRE, ƙungiyar masana rezon wuta ta duniya, a Paris, ko mutum biyu su yi kwas ɗin ISA/IEC 62443, ƙa'idar tsaron rezon masana'antu, ta intanet har da jarabawa, ko a kawo malami Yamai kwana 5 ya koyar da mu duka. Babu wanda ya taɓa yin horon tsaro a cikinmu, kuma biyu ne kawai ke jin Ingilishi sosai. Wanne ya fi mana?

Sumaila: Wa alaikumus salam. Ki nemi GICSP kawai, takardar shaidar ƙwarewa kan tsaron rezon masana'antu. Ki yi kwas ɗin ICS410 na cibiyar horo ta SANS ki zauna jarabawar, duk inda kika je da wannan takarda za a kula ki.

Laminu: Sumaila, ka ga kuɗin da ta faɗa kuwa? Kwas ɗin SANS kaɗai ya haura dalar Amurka 8,000, wato sama da miliyan 4, ba a sa kuɗin jarabawa ba. Kuma da Ingilishi ake yi.

Injiniya Mamman: Ƴata, ki cire Paris daga lissafi tukuna. Babban zaman CIGRE duk shekara biyu ake yinsa, ƙarshen Agusta, kuma wuri ne da masana ke tattauna takardun bincike da ganin sababbin kaya. Kwamitin D2 ne ke da sadarwa da tsaron kwamfuta, B5 ke da kariya da sarrafa tasha. Wanda ya riga ya san aikin zai ƙaru ƙwarai, ya dawo da tambayoyin da zai yi wa masu sayar da kaya. Amma ba wanda zai zaunar da shi ya nuna masa yadda ake kulle RTU. Ga batun biza: an rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai tun Janairun 2024, sai an bi ta wata ƙasa, kuɗin wannan tafiyar ma daban. Mutum biyar kuma za su zauna yadda suke.

Isuhu Ader: Kawo malami shi ne mai haɗari in ba a tantance shi ba. Ga abin da ya auku a wani kamfani, ba sai na kira suna ba. Anka kawo malami daga waje, ƙwararre ne kan rezon banki da na ofis. Kwana uku shina nuna allo, rana ta huɗu ya ce a yi aikin gwaji. Ya soka kebul ɗin ordinatarsa cikin suwic ɗin ɗakin sarrafawa, ya saki Nmap, manhajar binciken rezo, kan dukkan adireshi da dukkan ƙofofi, wato lambobin da na'ura ke karɓar haɗi ta kansu. RTU biyu tsofaffi sunka sandare nan take. Dalili a fili yake: irin waɗanga RTU haɗi kaɗan suke iya riƙewa a ƙofa 2404, kuma ƙwaƙwalwarsu ba ta ɗaukar ruwan saƙonnin da ba ta gane ba. SCADA, manhajar ɗakin sarrafawa, ta daina ganin tasoshin, ba awo, ba matsayin dijonktar (makunnin da ke yanke layi), ba halin ba da umarni. Wuta ba ta ɗauke ba, amma da layi ya faɗi a wanga lokaci ba mai sani sai mutane sun kira.

Anka tura yara da babur su kashe su kunna. Ɗaya ta tashi, ɗayar ta tashi da saitin masana'anta. Anka nemi ajiyar saitin, babu. Anka nemi kalmar sirrin shiga manhajar saiti, tana wurin ɗan kwangilar da ya kafa kayan, shi kuma ya ce kwangilarsa ta ƙare, sai an biya shi zuwa. Tasha ta kwana da mutum a tsaye yana karanto awo ta waya har aka daidaita. Malamin ya raba takardun shaida ranar Juma'a ya hau jirgi. Yaron da ya buɗe masa ɗakin shi anka rubuta wa takardar gargaɗi, yaron da shef ɗinsa ne ya ce ya buɗe. Wanga abu har yau yana ci mini rai.

Hajiya Zeinabu: Allah ya kyauta, an zalunci yaron nan. Amma Malam Isuhu, kar a ɗora wa binciken rezo laifi. Duk wanda ya yi aikin ISO 27001, ƙa'idar tsaron bayanai, ya san ba a kare abin da ba a san yana nan ba. Ta yaya za ku ƙirga kayanku in ba a bincika ba?

Injiniya Mamman: Hajiya, a ofis in kwamfuta ta tsaya sakatare ne ke jira. A tasha gari ne ke jira. Wanda bai taɓa tsayawa gaban dijonktar na 132 kV ba, ya saurara a wannan magana.

Hajiya Zeinabu: Baba Mamman, da girmanka, a nan ban yarda ba. Harin Yukren na 23 ga Disamba 2015 ta wasiƙar imel ya shiga, ta ɓangaren ofis. Sun yi watanni a ciki suna satar kalmomin sirri, sannan suka bi ta VPN, hanyar da ma'aikata ke shiga rezo daga nesa, suka kama allon masu aiki suna buɗe dijonktar ɗaya bayan ɗaya. Gidaje da wuraren aiki sama da 200,000 suka rasa wuta. Da mutanen ofis ɗin da kake cewa su yi shiru sun sa shaida biyu, wato kalmar sirri da wata shaida ta daban, a kan VPN, da aikin ya yi wa maharan wuya.

Injiniya Mamman: Kuma wa ya maido da wutar? Mutanen tasha ne suka shiga mota suka je suka rufe dijonktar da hannu wuta ta dawo, domin maharan sun lalata manhajar na'urorin da ke haɗa layin siriyal da rezo. Shi ya sa nake cewa duk horon da bai haɗa da gwada aiki da hannu ba, rabi ne.

Rabi, Yamai: Ku duka kuna da gaskiya, abin da ya raba ku shi ne yadda ake ƙirgar. A rezon tasha saurare ake yi, ba a tura komai. A saita ƙofa ɗaya ta suwic ta riƙa kwafo zirga-zirgar sauran, a haɗa kwamfuta mai Wireshark, manhajar karanta saƙonnin rezo, a bar ta awa 24. Wireshark na karanta 104 da MMS da GOOSE (yarukan IEC 61850) da Modbus duka. Daga nan a fitar da jeri: wane adireshi ke magana da wane, ta wace ƙofa. 2404 na 104 ne, 102 na MMS, 502 na Modbus. Duk adireshin da ba ku san mai shi ba, a bi kebul ɗinsa da hannu har inda ya ƙare. Sau da yawa a ƙarshensa ruta ce ta 4G da masu kafa inbata suka bari cikin akwati don gyara daga nesa, da kalmar sirrin da ta zo da ita daga shago.

Balkisa ƙanwata, abin da ya kamata ku riƙe shi ne 104 ba ya tambayar wane ne kai. Duk wanda ya isa ƙofa 2404 zai iya aika umarni nau'i na 45 ko 46, irin na buɗe dijonktar ko rufewa, RTU ta karɓa tamkar daga ɗakin sarrafawa ya fito. Da haka shirin ɓarnar kwamfuta mai suna Industroyer ya ɗauke wutar wani yanki na Kyiv, babban birnin Yukren, a Disambar 2016, ya yi magana da kayan da yarensu. Maganin gaggawa shi ne katangar tsaro, wato na'urar tace saƙonnin rezo, a bakin kowace tasha, wadda ba ta barin kowa ya taɓa 2404 sai adireshin SCADA. GOOSE kuwa ba shi da adireshin IP, a matakin Ethernet yake yawo, katangar ba ta ganinsa. Nasa maganin VLAN ne daban, wato a ware masa ɓangarensa cikin suwic, da kashe duk ƙofar suwic da ba kowa a kanta, da kwaɗo a akwatin.

Garba Gobir: A tura Hamani Paris ɗin mana. Amma a canza masa kalmar sirri tukuna, Bazabarme duk abin da ya kulle "dambu123" ne.

Hamani: Bagobiri bawana, kai da ka manna taka a jikin allo da salatif? Balkisa, kan kuɗi: akwai masu koyarwa a nan Yamai da ke karɓar jika 350 a rana. Kwana 5 bai kai miliyan 2 ba, ragowar ta isa ɗaki da abinci da motarku daga Tawa.

Laminu: Wane jika 350? Takardar farashin da na gani daga wani ofishin horo na Abijan miliyan 4 da rabi ce, ban da jirgi da otal.

Sumaila: Miliyan 1 da jika 800 aka yi wani a bara, har da takardar shaida.

Isuhu Ader: Na miliyan 1 da jika 800 shi ne irin wanda na ba ku labari. Ku tambaye shi ko ya zo da RTU da relay nasa na gwaji. In ordinata kaɗai ya ɗauko, kayanku zai yi gwajin da su.

Rabi, Yamai: Farashin ya sha bamban ne don ba abu ɗaya ake sayarwa ba. Mai tsada yana zuwa da teburin gwaji, mai araha yana zuwa da hotunan allo. Kwas ɗin farko na ƙungiyar ISA kan 62443, IC32, yana wajen dalar Amurka 2,000 kowane mutum, mambobi na samun ragi, kuma mamba na iya karanta ƙa'idojin ISA a intanet ba sai ya saya ba. Wannan babba ne, domin kowane kashi na IEC ɗaruruwan faran na Suwizalan ne. Amma IC32 tsari yake koyarwa: raba rezo yanki-yanki da hanyoyin da ke haɗa su kamar yadda 62443-3-2 ta tanada, da matakan tsaro 1 zuwa 4 na 3-3. Ba zai nuna muku inda ake latsawa a relay ba. Kafin ku kashe ko dala, hukumar ANSSI ta Faransa na da littattafan tsaron rezon masana'antu kyauta da Faransanci, CISA ta Amurka ma na da darussa kyauta a intanet. Mutum shidan su fara da na Faransancin.

Laminu: Me zai hana ku sa IEC 62351, ƙa'idar kare waɗannan yarukan, ku huta? TLS, mai ɓoye saƙo da tantance mai aikowa, a kan 104, magana ta ƙare.

Injiniya Mamman: Ba ta ƙare ba, Laminu. Sai RTU da SCADA duka sun iya shi, tsofaffin kuwa ba su iya ba. In ma sun iya, takardar shaidar TLS tana da ranar mutuwa. Agogon RTU ya kauce don GPS ya lalace ko batirin ciki ya mutu, ko a manta sabuntawa, sai haɗin ya yanke da kansa ba tare da wani mahari ba. Wanda ba shi da mai kula da makullan, kamar yadda kashi na 9 na 62351 ya bayyana, ya fara da VPN tsakanin katanga da katanga.

Isuhu Ader: Duk wanga zance, in fayil ɗin SCD, mai ɗauke da saitin tashar gaba ɗaya, ba ya hannunku, tashar ba taku ba ce. Ƴan kwangila sun gane nan ne abincinsu. A yi bikin karɓar aiki, a ba ku makullin ƙofa da takardu ɗaure cikin kwali, amma SCD da CID (saitin kowane relay) da ajiyar saitin RTU da lasisin manhajar saiti suna cikin ordinatarsu. Relay ɗaya ya ƙone, ga sabo a sito, ba ku iya ɗora masa saiti.

Hajiya Zeinabu: A nan muna tare. 62443-2-4 don masu kwangila aka rubuta ta, amma ba a sa ta cikin takardar sharuɗɗa. A rubuta ƙarara: ba za a saki kuɗin garantin da aka riƙe ba sai an miƙa fayiloli, an canza kowace kalmar sirri a gaban ma'aikatanku, kuma an ɗauki ajiyar an ɗora ta kan na'urar gwaji an ga ta tashi.

Garba Gobir: Masu rubuta sharuɗɗan ai su ne ke zuwa horon masana'anta da ke cikin kwangilar. Kujeru biyu, kuɗin guzuri mai kauri, sai a tura na ofis. Yaron da za a tasa ƙarfe 2 na dare bai taɓa ganin manhajar ba.

Hamani: Wallahi nan ne ciwon. Wanda aka horar ma, bayan wata shida a ɗauke shi zuwa wani sashe, takardun kwas ɗin su tafi da shi.

Balkisa, Tawa: Na gode manya. Na duba kabad ɗinmu da sabar ofis yanzu, SCD ɗin sabuwar tashar babu shi, kuma garantin saura wata biyu. Ana iya zaro saitin daga relay ɗin kai tsaye? Kuma har yanzu ban ji wanne zan kai wa shef ba.

Rabi, Yamai: Ana iya zarowa daga kowane relay da manhajar kamfanin da ya ƙera shi, in kuna da lasisi da kalmar sirri, amma na relay ɗaya-ɗaya za ku samu, haɗa su su koma SCD aiki ne babba. Rubuta wa ɗan kwangilar takarda gobe tun kuɗinsa na hannunku. Wane iri ne relay ɗin, kuma wa ke riƙe da kwamfutar saitin?