Musayar Waƙa: Barcin da Ya Gagari Magidanci

Baban Hafsa, Gangare

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta baitocinku ban tanka ba, amma yau zan kawo abin da ban taɓa faɗa ko a majalisarmu ta bakin shago ba. Ina cikin kasuwa a Taminus, nan Jos, ranar Talata, 20 ga Mayu 2014, lokacin da bam na farko ya tashi, na biyun kuma ya same mu muna ɗaukar waɗanda suka jikkata. Na fita babu ƙwarzane a jikina, don haka kowa ya ce mini na tsira. Waƙar ƙwar huɗu ce, na ɗora babban amsa-amonta a kan “ci”, mai amsawa ya bi shi.

Da sunan Allah zan fara,
Shi ne Mai ji in na yi ƙara,
Shekaru sun wuce, na tara
Dare dubu babu barci.

In taya ta fashe a kan hanya,
Gwiwata sai ta ƙi yin tafiya,
Gumi ya jiƙe ni har wuya,
Bakina ya cika da ɗaci.

Ƙaurin roba idan ya taso,
Talatar nan ce ta ƙaraso,
Ko da tuwon da na fi so,
Sai in ture shi, ba na ci.

Uwar Hafsa takan tambaye ni,
In ce zazzaɓi ne ya kama ni,
Yara in sun ji ni su guje ni,
Tsawa ta maye gurbin zumunci.

Shin in na je wurin likita,
Na zauna na faɗi damuwata,
Maza za su ce na yi wauta,
Ko na zubar da mutunci?

Ɗan Farin Gada

Wa alaikumus salam, Yaya. Waƙar ta yi daɗi, amma ba zan ɓoye maka ra'ayina ba. Daga rikicin Satumbar 2001 zuwa yau babu gidan da abin bai taɓa ba a garin nan, kuma da kowa zai kama layin likita, da babu wanda zai rage ya buɗe kasuwa.

Haba Yaya, ina jarumta?
Duk ɗan Jos ya kwan cikin wuta,
Da safe ya wanke ido ya fita,
Ya koma kan kasuwanci.

Kakanninmu sun haƙi kuza,
Rami ya sha ruftawa da maza,
Ba wanda ya ce shi ya gaza,
Balle ya kira shi firgici.

Ka sha shayinka mai kauri,
Ka cije, namiji sai haƙuri,
In an gan ka a layin can da wuri,
Wa zai nemi 'yarka, magidanci?

Tsohon Direba, titin Bauchi

Ɗan Farin Gada, na girmi mahaifinka, saboda haka zan ja kunnenka a gaban jama'a.

Mai kabeji, rage cika baki,
Salansa ta yi tari ran biki,
Wa muka gani ya bar wurin aiki,
Ya shige da kai ƙasan benci?

Kakannin da kake wa yabo,
Sun tafi kabari da tabo,
Duk wanda ya ɓoye gyambo,
Ƙarshenta ƙafar duka zai ci.

Ɗan Rikkos

Allah ya ƙara wa Baba Direba lafiya. Baiti biyu kacal ya yi, amma sun fi ukun Farin Gada nauyi, kuma dama an san cewa mutanen titin Bauchi ba sa zuba magana a ƙasa.

Ɗan Farin Gada

Ɗan Rikkos, ka yi naka baitin kafin ka zama alƙali. Baba Direba, ina ganin girmanka, sai dai waƙa ba ta san furfura ba.

Na sunkuya ne ina neman canji,
Ba tsoro ba ne, tsohon gareji,
Kai da ka zubar da lodin kabeji
A Hawan Kibo don ganganci.

In ma Yaya na da larura,
Malam zai tofa masa sura,
Ba sai an danna masa allura,
Ya zama gunki, sai ci sai barci.

Gardin Dilimi

Tunda an jawo malamai cikin zancen, ya zama wajibi in tanka. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke gaya wa mai firgici cewa imaninsa ne ya yi rauni, alhali Alƙur'ani ya ba mu labari a Suratu Yusuf, aya ta 84, cewa idanun Annabi Yaƙub sun yi fari saboda baƙin ciki, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shi ne kuma ya koya mana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Annabi Yaƙub ya yi kuka,
Har ganinsa ya tafi duka,
Wa zai ce imaninsa ya sauka?
Faɗin haka ai jahilci.

Ina tofi, ina yin rubutu,
Shekara talatin ina karatu,
Amma wanda dare bai ba shi hutu,
Nakan haɗa shi da masu likitanci.

Ɗaure raƙumi ka yi tawakkali,
Haka aka koyar da mai hankali,
Neman magani bin dalili,
Ba ya cin karo da Musulunci.

Nas ɗin Unguwar Rogo

Allah gafarta Malam, ka sauƙaƙa mini aiki. Baban Hafsa, ba zan yanke maka hukunci daga waƙa ba, wannan aikin likitan da zai zauna da kai ne, amma abubuwan da ka lissafa sanannu ne a wurinmu: razana da ƙara, dawowar abin da ya faru kamar yanzu yake faruwa, gudun duk abin da zai tuna maka da shi, rashin barci da saurin fushi. Idan suka wuce wata guda bayan mutum ya ga tashin hankali, har suna taɓa aikinsa da zaman gidansa, to ciwo ne mai suna kuma mai magani, ba hauka ba ne. Da yawa daga cikin mazan da ke zuwa mana sukan fara ne da kukan bugun zuciya, ciwon kai ko gyambon ciki, sai an auna komai an ga lafiya lau sannan ainihin zancen ya fito.

Allurar da Ɗan Farin Gada yake tsoro ba da ita ake tarbar irin wannan ba. Babban maganin shi ne zama da ƙwararre ana bin labarin daki-daki har jiki ya daina ɗaukarsa a matsayin haɗarin yau, idan kuma an haɗa da ƙwaya, tana ɗaukar makonni kafin a ji aikinta, don haka ba a yanke ta a kwana uku a ce ba ta yi ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, wanda kuma yake jin nauyin idon sani yana iya zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Dokar ma ta sauya: a Janairun 2023 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma ta tanadi kare haƙƙin majiyyaci. Abu ɗaya ne ba ya jira: wanda tunanin halaka kansa ya fara zo masa, ya faɗa wa wani a daren, a kai shi a daren.

Ƙwaƙwalwarka ta sa maigadi,
Tun ranar yake ta gargaɗi,
Ba wanda ya je ya ce masa sauka ka ji daɗi,
An wuce wancan lokaci.

Likita zai ba ka wuri ka zauna,
Maganin farko shi ne magana,
Ka bar ƙirga dare da rana,
Ka zo mu tafi asibiti.

Malam Na-Aruli, Bukuru

Bayanin Nas ya gamsar, amma ni shekara talatin da biyu na yi ina koyar da Hausa, kuma ba zan ga ɓarna in yi shiru ba. Mai buɗe zaure ya ce “ci”, Nas ya rufe da “ti”. Ɗango na uku a baitinsa na farko kuma ya ɗauko gaɓoɓin da suka ishi ɗango ɗaya da rabi. Shi ma Gardi ya ja “likitanci” da igiya ne ya ɗaure a ƙarshen baiti. Ita kanta waƙar farko ta taso kamar za ta hau karin Mutadarik, ɗaya daga cikin ma'aunan waƙa, sai ta sauka a hanya.

Nas, ka iya wankin rauni,
Baitinka ya faɗi a ma'auni,
“Ti” ta shigo da baƙon launi,
Gidan “ci” bai yi mata karamci.

Ɗan Rikkos

Malam, da girmanka, ai “ti” da “ci” 'yan ɗaki ɗaya ne a Hausa. Kai ka koya wa ɗalibai cewa mota takan zama motoci. A mayar da ɗangon “Ka zo mu zaga asibitoci”, shi ke nan an biya ka bashinka.

Malam Na-Aruli, Bukuru

Wannan ƙa'idar ginin kalma ce, ba ta amsa-amo ba, kuma gyaran naka ya ƙara wa ɗangon gaɓa. Da a ajina kake, da ka maimaita shekara.

Ɗan Rikkos

Da a ajinka nake, da har yanzu ina auna ƙafar baiti mutane suna mutuwa da ciwo a ciki. Nas ya fi ku duka, a faɗa a ƙara.

Gardin Dilimi

Igiyar da na ja “likitanci” da ita, Malam, ita ce ta raƙumin da na ambata a baiti na gaba, kuma ban ga ta tsinke ba.

Nas ɗin Unguwar Rogo

Malam yana da gaskiya, kuma ina sane na bar ta haka. Kalmar nan “asibiti” ta ƙi zama a amsa-amo kamar yadda take ƙin zama a bakin maza: mutum zai ce zai je kemis, zai je wurin mai magani, zai je ganin wani abokinsa, amma ba zai furta ta ba. Kemis ɗin nan kuwa shi ne ya kai samari da yawa ga tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018, kuma wasunsu ba nishaɗi suka je nema ba, barci suka je saya.

Tsohon Direba, titin Bauchi (bayan kwana biyu)

Asibiti guda ma ba mu kai shi ba, kuna maganar asibitoci. Kwana biyu ke nan kuna faɗa a kan harafi, wanda ya kawo kukansa bai sake cewa uffan ba, kuma babu wanda ya tambaya. Baban Hafsa, kana ina?

Mutum ya buɗe cikinsa gabanku,
Kun bar shi kuna auna baitinku,
In ya yi shiru, wa zai amsa muku?
Wannan shi ne butulci.

Ɗan Farin Gada (ƙarfe 3:10 na dare)

Ban san ko zan bar wannan ya kai safiya ban goge ba. A rikicin ƙarshen Nuwambar 2008 ina da shekara 12.

Ina ɗan yaro aka ɓoye ni,
A rufin ɗaki wana ya tura ni,
Ya ce zai dawo ya ɗauke ni,
Har yau ina jiran lokaci.

Canjin da na ce ina nema,
Baba, ƙarya ce, ina kyarma,
Ƙwayar da nake sha in ji dama-dama,
Ta cinye jarin kasuwanci.

Yaya, ka yafe abin da na ce,
Tsoron kaina ya sa na kauce,
In za ka je kada ka wuce
Ka bar ni, a yanka mana kati.

Nas ɗin Unguwar Rogo

Kada ka goge, ƙanena. Kada kuma ka yanke ƙwayar nan kai kaɗai rana ɗaya, domin wasu daga cikinsu sai an rage su sannu a hankali a gaban likita. Ka zo da kwalinta ko sunanta, ka faɗi adadin da kake sha ba ragi.

Baban Hafsa, Gangare

Ina nan, Baba, ban yi fushi ba. Rubutawar ce ta kwantar da ni kwana biyu kamar wanda ya yi dakon buhu.

Na yi shiru ne ina karantawa,
Uwar Hafsa na ba ta tana dubawa,
Ta ce ta daɗe da ganewa,
Shekara goma tana kawaici.

Ƙanena, zo ka riƙe ni,
In gwiwa ta sage ka ja ni,
In taka ta sage ka kira ni,
Ko Allah zai mai do da barci.

Malam Na-Aruli, Bukuru

Na ga “kati” a ƙarshen baitin Ɗan Farin Gada, na kuma kawar da kaina. Kuɗin katin mutum biyun yana wuyana. Maganar ɗango na uku a baitin Nas kuwa tana nan, ban janye ba.

Tsohon Direba, titin Bauchi

To, ranar Litinin ƙarfe 6:30 na safe a ƙofar Masallacin Juma'a, domin a samu layin farko. Kowa ya zo da rigar sanyi, hazo ya sauka. Nas zai tarbe mu a asibitin, Gardi ya ce zai biyo mu idan ya sallami almajirai. Baban Hafsa zai zauna a baya, ba kuma za mu bi ta Taminus ba sai ranar da shi da kansa ya ce a bi. Mai kabeji kuma gaba zai zauna kusa da ni, inda zan riƙa ganinsa, motata ba ta da benci.