Shawarwarin da aka ba ɗalibi a teburin mai shayi

Bayan isha'i a Samaru, wani ɗalibin kimiyya ya koka cewa karatu ya fara girgiza masa imani. Yawancinmu muka ce ya raba tambayoyi biyu: yadda abu ke gudana da kuma dalilinsa. Kimiyya na auna yadda abu ke gudana, kamar hasken rana da ke ɗaukar kusan minti 8 kafin ya iso mana. Dalilin wannan tsari kuwa, ɗakin gwaji ba ya auna shi.

Wani dattijo yana juya shayinsa ya ce, "Ɗana, Georges Lemaître da ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya na faɗaɗa, ai limamin coci ne." Wannan ta fi burge ni. Wasu suka ƙara ba ɗalibin shawara cewa ya daina jingina imaninsa ga kowane sabon bincike, tunda gobe ana iya yi masa gyara.